Hotona Mai Gajimare

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da hutun da na tafi Abome ba. Ko na so in manta ma mutanen Bagudo ba za su bar ni ba, don akwai sunan da suka laƙaba mini tun daga wannan tafiya, zan faɗa muku shi idan mun isa wurin.

Ni tela ne, shagona na bakin kasuwa. A lokacin ina neman auren Rakiya, malamar firamare, 'yar Alhaji Manu mai hatsi a Lolo, can bakin iyakar Benin. Ita dai ta amince da ni, mahaifinta ne yake jan ƙafa, saboda akwai wani ɗan canji mai suna Sanusi da shi ma ya shigo layi. Sanusi bai fi ni komai ba sai hotuna. Wayarsa cike take da su: ga shi a bakin teku a Kwatano, ga shi a Lome, ga shi a ƙofar filin jirgi riƙe da jaka (har yau ban yarda ya shiga jirgin ba). Ranar da na je gaisuwa Alhaji ya tambaye ni iyakar inda na taɓa zuwa. Na ce Birnin Kebbi, sai kuma Jega idan zan saro yadi. Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Wanda bai ga duniya ba, ƙaƙa za ya riƙa mini ɗiya?" in ji shi.

Ya ce in dakata, zai ba da amsa ƙarshen wata. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na yanke shawarar zan ga duniya, kuma zan dawo da shaida wadda za ta kashe bakin Sanusi da wayarsa. Abokina Ɗanjuma yana jan motar albasa zuwa Kwatano, shi ya ba ni labarin Abome, tsohon birnin sarakunan Dahome, mai jajayen ganuwa, inda Turawa ke zuwa su ɗauki hoto. Ya ce zai sauke ni a kusa, ya ɗauke ni idan zai dawo.

To, a garinmu mutum ba ya tafiya haka kawai. Ko fatauci, ko biki, ko gaisuwar mutuwa, ko asibiti. Da na ce wa Inna, mahaifiyata, zan tafi hutu, sai ta tambaye ni wa ya rasu a can. Na ce babu. Me zan sayar? Babu. Wa zan je gani? Babu kowa. Ta dube ni, sannan ta ce Allah ya ba da sa'a, da wata irin murya da ban kula da ita ba. Ashe ita da maƙwabta duk sun gama lissafinsu: ciwo nake ɓoyewa, asibitin Benin zan tafi kamar yadda mutanenmu da dama ke yi. In ba haka ba, wane tela ne zai rufe shago ɗinki jibge ya ce wai hutu?

Haka na hau saman buhunan albasa da jakar kayana. Muna wuce Tsamiya muka tsallaka iyaka muka shiga Segbana layin wayata ya mutu murus, ban kuma damu ba, don a ganina babban mutum idan yana hutu ba a samunsa a waya. Kafin mu isa na zama albasa ni kaina. Ina sauka kuma na samu wata mai abinci na ci tuwon masara da miyar manja mai barkonon da ban taɓa gamuwa da irinsa ba. Tun daga lokacin cikina ya ɗaura yaƙi da ni.

Duk da haka washegari na nemi mai hoto. Na same shi a shagonsa kusa da tsohuwar fada, wani dattijo mai sanƙo, mai sanyin hali. Ba ya jin Hausa, ni kuma Faransancina bai wuce bonju, wi da mersi ba. Da hannu muka yi ciniki, na ɗauke shi wuni guda ni kaɗai, ya riƙa bina da kyamara kamar yadda na ga ana yi wa Turawa. Kaya kala uku na zo da su, duk ɗinkina, har da babbar riga fara da na ɓata dare da rana ina yi mata aiki. Na tsaya a jikin jar ganuwa, na tsaya a ƙofar fada, na tsaya kusa da wani zanen zaki da aka yi da laka. Yana ta yi mini alamar in yi murmushi, ni kuma na ƙi, don mutumin kirki ba ya washe haƙora a hoto. Sai dai in ɗaga kai in kalli nesa kamar mai tunanin al'umma.

Matsalar ita ce cikin nan. Da an ɗauki hoto biyu sai in ɗaga masa hannu in ruga neman bayi, in dawo ina gumi, in haɗiyi ƙwayar magani, in jingina da ganuwa ina mayar da numfashi. Na lura ya fara kallona da wani irin ido mai taushi. Na ɗauka kwarjinina ne ya kama shi.

Da yamma muka koma shago don in zaɓi irin adon da za a yi wa babban hoton. Bangon cike yake da samfura, amma idona ya tafi kan na can sama. Wani tsoho ne a cikin zobe mai ruwan zinare, gajimare fari ya kewaye shi, fararen tattabaru biyu suna tashi a gefe, ga wani haske yana saukowa a kansa. Ban taɓa ganin hoto mai daraja irin wannan ba. Na nuna shi. Mai hoto ya girgiza kai, ya nuna mini wasu: na ango da amarya, na ɗalibi da hular gama makaranta. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wato ya ji warin albasa ya raina ni, yana ganin wancan ya fi ƙarfina. Na sake nuna tsohon, na bugi ƙirjina, daidai lokacin kuma ciki ya murɗa na dafe shi na durƙusa.

Bawan Allah nan ya ajiye kyamara, ya zo ya dafa kafaɗuna biyu, ya yi doguwar magana a hankali, idanunsa sun ciko da ƙwalla. Na ce, "Wi, wi, mersi." Ya kawo mini kujera, ya kawo ruwa, ya hana ni ɗaukar ko da jakata. Na ce lallai mutanen Benin sun san darajar baƙo.

Hoton ya fito yadda nake so, har ya fi. Ga ni cikin farar riga, fuska a rame, ido ya tafi nesa, gajimare ta ko'ina. Na rubuta masa lambar Rakiya na nuna masa ya tura mata ta wayarsa. Ya yi alamar ko zan ƙara wata magana, na ce a'a. Hoto irin wannan ai shi zai yi magana da kansa.

Ya kuwa yi magana. Abin da ban sani ba shi ne, a kudancin Benin wannan ado na mamata ne. Shi ake bugawa a manna a bango, a ɗaga a wurin jana'iza. Rakiya ta ga hoto daga baƙuwar lambar Benin, babu ko kalma ɗaya, ta kai wa gwaggonta Asabe, wadda ta daɗe tana sayar da atamfa a Kwatano. Gwaggo Asabe na gani ta saki salati.

"Wanga hoto ba a yi ma mai rai shi," ta ce.

Suka kira wayata, a kashe. Suka kira mai hoto, Gwaggo ta lallaɓa da guntun Faransancinta na kasuwa ta tsinci abu biyu: mutumin yana ta ba su haƙuri, kuma yana cewa na sha wahala da ciki, ni da kaina na zaɓi hoton don na san halin da nake ciki. Aka haɗa wannan da maganar asibitin da Inna ta riga ta ƙulla a ranta, lissafi ya fita daidai. Aka ce tunda a can abin ya faru, Musulmin garin sun riga sun yi mini sutura. Ni kuwa ina can kwance a masauki ina shan ruwan gishiri da sukari, ina jiran Ɗanjuma da motarsa ta lalace a Kwatano.

Bayan kwanaki Ɗanjuma ya zo ya ɗauke ni, ya sauke ni a hanya, da hantsi na iso Bagudo a kan kabu-kabu, hoton a naɗe cikin kwali na goya shi a baya. Na sa baƙin tabarau, da wata faffaɗar malfa da na saya a Abome, da takunkumin fuska saboda warin albasa. Tun daga kwanar layinmu na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza zaune jere, ana rarraba gumba. Na ce shi ke nan, Kawu Bello ne, don na bar shi ba lafiya. Na sallami mai babur, na cire takalmi, na lallaɓa ta baya na zauna a bakin tabarma. Liman yana addu'a, kowa ya sunkuyar da kai, ni ma na ɗaga hannu.

Liman ya ce Allah ya jiƙansa, na ce amin. Allah ya haskaka kabarinsa, na ce amin da ƙarfi, har da hawaye, don ina son Kawu. Sai ya ce duk wanda mamaci ya yi wa alkawarin ɗinki bai cika ba, don Allah ya yafe masa. Na ce amin, amma a raina ina mamakin yaushe Kawu ya fara ɗinki. Ina ɗaga kai kuma sai ga Kawu Bello a sahun gaba, da ransa, yana tauna gumba.

Na taɓa wani tsoho da ke gefena, na tambaye shi a hankali wa ya rasu.

"Tela na, ɗan Inna Hajo," ya ce. "Can Benin yar rasu. Yaro mai ladabi, sai dai bai taɓa cika alkawalin ɗunki ba. Ga son a san da shi."

Kafin in haɗiye wannan, aka miƙo wata waya tana zagayawa hannu zuwa hannu. Ta iso gare ni. Ga ni nan cikin gajimare, tattabaruna biyu suna tashi.

Da ina da wayo da na sulale na shiga gida ta baya. Amma sai na miƙe tsaye a tsakiyar jama'a, na cire malfa, na cire tabarau, na ja takunkumi ƙasa, na ce, "Jama'a, ai ni ne."

Ban san tsofaffin unguwarmu na da gudu haka ba. Kawu Bello mai ciwon ƙafa ya tsallake tabarma biyu. Tiren gumba ya kife. Sanusi, wanda ya zo gaisuwa yana ƙamshin turare ya zauna dab da Alhaji Manu, ya bar takalmansa a wurin, har yau bai zo ɗauka ba. Liman kaɗai ya tsaya, shi ma don rigarsa ta maƙale a ƙafar benci ne, yana ta karanto duk abin da ya zo bakinsa.

Sai Inna ta fito, babu takalmi, babu mayafi. A nan dariyar ta ƙare mini. Cikin 'yan kwanakin nan ta tsufa, idanunta sun kumbura. Ta zo ta shafa fuskata da hannu biyu, ta ce, "Kai na?" Na ce ni ne, Inna. Ta rungume ni tana kuka, ni ma ina kuka, ban taɓa jin kunya da nadama irin na wannan lokacin ba. Da ta tabbatar da ɗumin jikina, sai ta karɓi maficin wata maƙwabciya ta rufe ni da duka a gaban kowa, tana cewa in na sake tafiya hutu ba ta yafe ba.

Da aka natsu aka dawo kan tabarmi, dole na kwance kwalin na nuna babban hoton, na ba da labari tun daga tuwon masara. Aka yi dariya har wasu na kwanciya. A nan na ji cewa mata sun riga sun kwashe yadukansu daga shagona sun kai wa wani tela, ɗan Kawu kuma ya fara zagaya kekena na ɗinki yana gwada feda. Alhaji Manu ya daɗe yana duban hoton, ya dube ni.

"Duniya nic ce ka gani," ya ce, "ban ce ka leƙa lahira ba."

Na sunkuyar da kai, na ce shi ke nan, Rakiya ta kuɓuce, wa zai ba abin dariyar gari 'yarsa? Amma sai ya ci gaba da cewa tun da hoton nan ya iso 'yarsa ba ta sa komai a bakinta ba, Sanusi ya je har gida yi mata ta'aziyya ta ƙi fitowa. Ya ce shi ba zai iya sake ganin wannan a gidansa ba, in turo magabatana. Rakiya kuwa sai da ta yi makonni ba ta ɗaga wayata, ta ce ita ba ta magana da matattu.

Tun daga ranar sunana a Bagudo ya koma Marigayi. A tasha, a masallaci, har masu kawo ɗinki: "Marigayi, yaushe zan zo karɓa?" Na kuma koyi darasi: idan mai sana'a ya girgiza kai ya ƙi sayar maka da abin da kake nunawa, nemo mai jin yarensa kafin ka bugi ƙirji.

Hoton yana nan bayan kabad a ɗakinmu, fuskarsa na kallon bango. Kwanaki na ciro shi zan kai bola, Rakiya ta riƙe hannuna.

"Bar shi nan," ta ce. "Ranarshi na zuwa, ka ga mun huta da neman mai hoto."