Yadda Tsalha Ya Yaƙi Tudun Ƙofar Surukinsa da Giyar Tifa

Da sunan Allah, Mai ba da mulki ga wanda Ya so, da mota ga wanda Ya ga dama. Bayan haka, wannan shi ne tarihin Tsalha ɗan Mati, jikan Barau Mai Jakuna wanda ya kai albasa birni a ka bai sauke ya huta ba, tattaɓa-kunnen Gando wanda aka ce ya taɓa marin raƙumi har raƙumin ya durƙusa neman afuwa. Tsalha sarkin albasar Rafin Ɗinya, bajimin Ladingo, mai sa maza hawaye tun ba a kwance buhu ba, ma'abocin akori-kura mai shan gas, wadda in ta yi tari a garinsu sai kajin ƙauyen gaba su shige akurki.

Abokin gabar wannan sadauki ba mutum ba ne, tudu ne. Hanyar fita gari tana da hawa guda, kuma ƙaddara ta ajiye hawan nan a daidai ƙofar gidan Baba Nomau, mahaifin matarsa Ladingo. Duk ranar kasuwa sai Tsalha ya labta albasa, ya taso da haiba da hayaƙi, yana kaiwa tsakiya sai giya ta ƙwace, kuloci ya yi ƙauri, mota ta tsaya tana rawar ɗari. Sai tsoho ya tashi daga tabarmarsa, ya naɗe hannun riga, ya kira dattawan majalisarsa, su sa kafaɗa. Mutumin da Tsalha ba ya iya shan ruwa a gabansa, ba ya iya faɗin sunansa, shi ke tura shi, shi kuwa yana zaune a kan kujera yana riƙe da sitiyari kamar gwamna.

Ya daure, ya ƙara daurewa, har ranar da Ladingo ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, Baba ya aiko wai a taimaka masa da man zafi. Kafaɗar ce."

Tsalha ya ture kwano, ya miƙe har hularsa ta taɓa rufin ɗaki, ya yi rantsuwar da ta kori ƙadangaru daga katanga. "Wallahi tsohon nan ba zai sake ɗora hannu a motata ba!"

Ya ɗaura ɗamara, ya ɗauki wazirinsa Gwadabe bakanike, suka yi azama zuwa Kano, suka shiga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota, maƙabartar injuna, inda ƙarfe ke kwance bisa ƙarfe kamar gawarwakin mayaƙa bayan an tashi daga fagen daga. Suka yada zango a rumfar Nalado dillali, ya fito musu da giyabos iri-iri, wato akwatin da giyoyi ke ciki, ya jera a ƙasa.

To, Tsalha bai san haƙorin giya ba, bai san lamba ba, amma ya san sayen ragon layya, kuma a wurinsa duk ciniki ɗaya ne: ka rungumi abu ka ɗaga, in ya yi nauyi akwai nama. Aka nuna masa sabo dal ɗan Caina, yana ƙyalli a kwali. Ya ɗaga shi kamar jariri, ya ce, "Wannan ai kwanon sha ne." Aka jawo ɗan Beljiyam, wanda aka ciro daga irin motarsa sak, da farantin kulocinsa. Gwadabe har yana haɗiyar yawu. Tsalha ya kai shi ƙirji, ya mayar, ya ce ramamme ne, bai sha dusa ba.

Can a lungu idonsa ya faɗa kan wani baƙin dodo mai maiƙo, wanda aka mayar turke aka ɗaure akuya a jikinsa. Ya kwance akuyar, ya tsuguna, ya rungume shi, ya yi kabbara, ya yunƙura. Dodo bai motsa ba. Ƙugun Tsalha ne ya ce ƙas.

"Shi ne!" in ji shi, yana dafe da baya.

"Maigida, na tifa ne fa," in ji Gwadabe.

"Ka taɓa ganin tifar da suruki ya tura?"

Ba wanda ya taɓa gani, saboda haka aka rufe shawara. Gwadabe ya yanke, ya fafe, ya yi walda, ya ɗaga kujera, ya yi ta zagin ƙarfe har dodo ya shige cikin akori-kura ala tilas, sandar giya ta fito tsaye kusa da kunnen direba kamar taɓarya.

Ranar kasuwa ta zo, ranar da za a bambance maza. Sarkin albasa ya yi lodin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a gindin tudu, ya gyara hula, ya kama taɓarya da hannu biyu ya cusa ta a lamba ɗaya, ya yi kururuwa, "Yau ko ni ko kai!" Ya take totur. Ƙasa ta girgiza, hayaƙin salansa ya turnuƙe sama, mota ta yi ruri irin na zakin da aka taka wa wutsiya, sa'an nan ta fara tafiya. Tafiyar kuwa, wata kaza ta shiga ƙarƙashinta da 'ya'yanta, suka yi kiwo, suka fito ta ɗaya gefen ba wanda ya yi sauri. Amma fa tana hawa. Ta kai inda take mutuwa kullum, ba ta mutu ba. Giya ba ta ƙwace ba. Hawaye ya zubo wa Tsalha, kuma wannan karon ba na albasa ba ne.

Baba Nomau yana zaune shi kaɗai, 'yan majalisa sun tafi bikin suna. Ya ga mota tana jan ciki a wurin da ta saba, ya ce a ransa yaron nan ya sake maƙalewa. Ya tashi a hankali, ya sa takalmi, ya cim mata ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, ya ɗora hannu ɗaya a bayanta, ɗayan yana riƙe da goro.

Tsalha ya hango shi a madubi. Ya buɗe baki zai ce a bari, ya tuna ba a ɗaga wa suruki murya. Ya kai wa taɓarya cafka zai sa lamba biyu ya tsere, ta yi gaba ta daki gilashi ta ƙi shiga. Haka rundunar ta ƙarasa saman tudu, gwarzo a gaba yana zufa, tsoho a baya yana tauna goro.

A sama ya tsaya, ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Baba, sannu da ƙoƙari."

"Ƙoƙarin me? Ka gani dai, ni kaɗai, da hannu ɗaya, kuma lodin yau ya fi na kullum. Ashe tsofaffin nan nauyi suke ƙara mini. Ka ce wa Ladingo man zafin nan nata a ƙaro. Daga yau kada ka bari kowa ya taɓa motar nan, ni zan riƙa tura ka."

Tsalha ɗan Mati, jikan Barau, tattaɓa-kunnen mai marin raƙumi, ya dubi ƙasa ya ce, "To, Baba. Allah ya ƙara lafiya."