Dutsen Turai na Injiniya Yahuza

Duk wanda ya ce ƙasar Makarfi ba ta haifi manyan mutane ba, to bai taɓa tsayawa a bakin shagon Injiniya Yahuza ba. Wasu garuruwan da likitoci da alƙalai suke taƙama. Mu rake gare mu, da mazarƙwaila, sai kuma wannan bawan Allah da ya kawo mana wayewa a bayan a-kori-kura, ɗaure da igiya.

Shekara goma sha tara Yahuza yana kafinta kamar kowa. Ya buga benci, ya buga ƙyaure, ya buga akurkin da har yau kaji ke fita ta gefensa. Sai wani ɗan kwangila ya kwashi leburori zuwa Abuja, ya haɗa da shi. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Mahassada sun ce aikinsa a can bai wuce riƙe gefen allo in ana yankawa ba, da shara in an tashi. Mu dai abin da muka sani, ya tafi yana Yahuza Kafinta ya dawo Injiniya, da tabarau a goshi, da tef ɗin awo a ƙugu wanda ko gaisuwar mutuwa ba ya zuwa sai da shi.

Abin da ya koyo aikin wani allo ne fari mai ɗigo-ɗigo, faɗinsa kamar ƙyauren ɗaki, kaurinsa bai kai yatsa ba. Garin dutse ne ake kwaɓawa da roba a zuba ya daskare. Ana yanka shi da zarto, a haɗa da gam, a goge har mahaɗin ya ɓace. Da shi ake shimfiɗa saman kantar kicin da bangon wurin wanka a gidajen masu son marmara waɗanda aljihunsu bai kai ba. Abu ne mai kyau, ga araha. Laifinsa ɗaya, ya faɗo hannun Yahuza. Ya raɗa masa suna Dutsen Turai, direbobin tasha suka raɗa wa shi kansa Na-Turai, ya ɗauka kirari ne.

Ana nan sai Baba Lado, shugaban ƙungiyar kafintocin Makarfi da Ikara da Kudan, ya ce idonsa ya daina ganin layin fensir, zai sauka, a zaɓi wani. Injiniya bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda ya so kujerar nan ba. Yana so a ambaci sunansa daga Ikara har Kudan, a miƙe in ya shigo taro. Tun kafin a sa ranar zaɓe ya ba da ɗinkin babbar riga.

Abokin takararsa Ilisha ne, wani kafinta daga Kurmin Kogi, wanda ba shi da abin nunawa sai bencin coci da kujerun mata 'yan tsugunno. Bai taɓa zuwa Abuja ba. Bai iya jawabi ba. Abin kunyar ma, ba a taɓa dawo masa da ƙyaure an ce ya ƙi rufuwa ba.

Kullum da safe Injiniya yakan buɗe yaƙin neman zaɓe a teburin mai shayi.

"Zamanin katako ya wuce," in ji shi. "Katako gara ke ci, damina ta ruɓar da shi. Dutsen Turai ba ya jin ruwa, ba ya jin wuta, ba ya jin tsufa. A Abuja mun yi wa wani babban mutum kicin, matarsa sai da ta yi hawaye."

Ba wanda ya tambaye shi hawayen mene ne. Matsalar ita ce duk Makarfi ba a sami mai son kantar kicin ba, don matanmu a ƙasa suke girki tun kaka da kakanni. Amma babban mutum ba ya rasa dabara. Ya yanke shawarar mayar da gidansa abin misali, ya kira 'yan ƙungiya su gani da idonsu mako ɗaya kafin zaɓe.

Nan matarsa Lantana ta shigo labarin, ba da son ranta ba. Ta dawo daga barkar haihuwa ta tarar ya fasa murhun da ta shekara goma sha biyar tana girki a kai. A gurbinsa ya kafa kanta fara tas, doguwa daga bango zuwa bango, tsayinta daidai awon Abuja. Lantana kuwa gajeriya ce, kantar a ƙirji ta tsaya mata. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta gaya masa tuwo a ƙasa ake tuƙa shi, mace na zaune ta tokare tukunya. Ya ce ƙasa ta ƙauyawa ce. Ta tambaye shi inda za ta hura wuta, ya ce ta kafa duwatsu a waje, in ta dafa ta shigo da tukunyar ta ƙarasa aikin a kan kanta kamar matan manya. Ta ce tukunya daga wuta zafi gare ta. Ya ce da ta je Abuja da ba ta yi wannan maganar ba.

Daga nan ya koma banɗaki. Ya lulluɓe bangon da allon, ya shimfiɗa shi a ƙasa. Tsohuwar rariyar da ke gindin bango ya toshe ta, wai rami yana ɓata kyau, ya huda wata 'yar kafa a tsakiya da ba ta fi bakin kwalba ba. Sannan ya ɗauko lebur, ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a ciki, ya daidaita daɓen sau uku har ya kwanta sak, ba tudu ba gangara. Ko magini ɗan koyo ya san wurin wanka sai an ɗan karkata shi, amma magini bai yi kwana goma sha ɗaya a Abuja ba. Da yake unguwarsu ba famfo, ya ɗora baƙin duro a saman rufi, ya jawo bututu, ya ɗaura kan shawa mai sheƙi.

Ranar da ya sa musu, wata Asabar ce a tsakiyar bazara, ranar da ko ƙadangare ke neman inuwa. Tun da sassafe masu garuwa suka cika duron. Wajen azahar kafintoci talatin da 'yan kai suka cika tsakar gidan, Baba Lado a gaba da sandarsa, Ilisha can baya ya rungume hularsa. Injiniya ya fito cikin babbar rigar da aka ɗinka don ranar nasara, ya yi jawabin da ya fi huɗuba tsawo, sannan ya ƙalubalanci kowa ya nuna masa inda allo biyu suka haɗu a kantar.

A nan dole a faɗi gaskiya. Baba Lado ya bi kantar da yatsa daga farko har ƙarshe bai ji mahaɗi ba. Ilisha ma ya shafa, ya ce aikin gam ɗin ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Da Yahuza ya yi shiru a nan, da wataƙila yau shi ne shugaba. Sai Ilisha ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi, ya tambaya a hankali ko ba a sa katako ya tallafi tsakiyar, kuma ko a Abujan ba sa shimfiɗa wani abu kafin su ɗora tukunya mai zafi.

Injiniya ya yi dariyar da manya ke yi wa yara. "Jama'a kun ji tambayar mai katako. Dutse ne wannan. Wa ya taɓa ganin an yi wa dutse majingini? Lantana, kawo tuwon nan."

Lantana ta shigo da tukunyar ƙarfe ta tuwon mutum talatin, ta riƙo ta da tsumma, tana tururi. Ta tsaya a gaban kantar.

"Malam, in ɗora?"

"Injiniya," ya gyara mata. "Ɗora."

"A gaban su Baba ka ce in ɗora?"

"Na ce ki ɗora."

Ta ɗora. Ta jawo turmi ta kife, ta hau, ta kama muciya da hannu biyu, ta shiga tuƙi irin na macen da aka fasa wa murhu. Ba ta kai tuƙi na goma ba aka ji ƙas. Tsaga ta taso daga gindin tukunyar ta nufi bango, tsakiyar kantar ta lotsa. Lantana ta sure tukunyarta ta dire a ƙasa, ko ɗigo bai zube ba. Inda ta ɗaga kuwa ga wani zobe ruwan ƙasa, zagayayye kamar an zana da faifai. Wani daga baya ya ce ashe kallon kitse ake yi wa rogo.

Ƙaramin mutum da a nan ya sare. Injiniya gyaran murya ya yi, ya bayyana cewa dutsen yana sabawa ne da yanayin ƙasarmu, a Abuja ma yakan yi haka a makon farko. Ya ce jama'a su biyo shi su ga abin da ya fi wannan.

Aka yi cincirindo a ƙofar banɗaki. Ya tuɓe takalmi, ya shiga da babbar rigarsa, da niyyar ya murɗa famfon ya ja gefe. Abin da lissafinsa bai kawo ba shi ne baƙin duro ya wuni yana shan ranar bazara. Ruwan da ya sauko masa a ƙeya ya isa a fige kaza. Ya daka tsalle, ya sauka a kan allon da ya kwana uku yana gogewa don ya yi santsi, allon kuwa bai ci amanar gugar ba. Ƙafafu suka yi sama, Injiniya ya zauna daɓas, tabarau ya yi nasa wuri. Ruwan ya nemi 'yar kafar tsakiya bai ga dalilin zuwa can ba, ya taru, ya kewaye mai gidan, ya fito ta ƙofa ya jiƙa takalman baƙi.

Wallahi ya ba ni tausayi, duk da ni ma na yi dariyar. Baba Lado bai yi ba. Ya dogara sandarsa ya dube shi ya ce, "Yahuza, ruwa ko a Abuja gangara yake bi."

Ilisha ne ya naɗe ƙafar wando ya shiga, ya kashe famfon, ya ɗaga abokin takararsa. Ya ari kurfi da guduma ya buɗe tsohuwar rariyar, ruwan ya bi hanyar da ya saba. Bayan an yi sallah aka zauna aka ci tuwon, kowa ya ce ya tuƙu.

Ranar zaɓe Injiniya ya sami ƙuri'a biyu. Ɗaya tasa ce. Ɗayar ta Ilisha ce, wanda ya ce shi a tarbiyyarsu mutum ba ya zaɓen kansa.

Lantana ba ta jira sakamako ba. Washegarin tuwon ta kira mai gini ya mayar mata da murhunta, ta sa aka fitar da fasasshiyar kantar tsakar gida. Lokacin tumatir ya yi araha har ana zubarwa, sai ta yanyanka kwando biyu ta baza a kan allon. Kwana kaɗan ya bushe, ja wur. Philomena, wata 'yar kasuwa daga Ikara da ake kira Maman Serah, mai sayen busasshen tumatir tana kaiwa kudu, ta zo ta ɗauki ɗaya ta tauna. Ta sake tauna wani. Ta ce shekararta ashirin tana wannan sana'a, yau ne ta fara tauna kauɗa ba ta ji yashi a haƙori ba. Ta tambaya a kan me aka shanya, Lantana ta nuna mata. Ta ce a yanka mata irin allon guda shida.

Yanzu zarton Injiniya ba ya hutawa. Masu lambu daga Kudan, matan Malikanchi masu shanyar barkono da kuɓewa, kowa allon yake so. Ba mai neman kanta, ba mai neman shawa, ba wanda ya damu da mahaɗin da ba a gani. A yanka shi murabba'i, a goge baki kada ya yanki hannu, shi ke nan. A teburin mai shayi yana bayyana cewa dama can shirinsa ke nan, ya kawo juyin juya hali a harkar noma, kicin ɗin gwaji ne kawai.

Burinsa kuwa ya cika, don an san shi daga Ikara har Kudan. Duk ranar kasuwa za ka ga baƙo ya sauka a tasha yana tambayar hanyar shagonsa. In ya ce Injiniya Yahuza, sai 'yan acaɓa su dubi juna. In ya ce mijin Lantana mai allon tumatir, nan take za a kai shi har ƙofa.