Gidan da Ba a Ɗauke wa Wuta

Wani mutum ne a Unguwar Tsamiya, Alhaji Hashimu, wanda kurinsa ɗaya ne a duniya: wai gidansa ba a ɗauke wuta. "Layin manya nake," in ji shi, yana goge gumi da bakin riga.

Da kamfanin wuta ya nemi ƙara farashi, Malama Asabe, tsohuwar malamar makaranta, ta haɗa ƙungiyar masu amfani da wuta. Kowane gida ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke. Ta je wa Alhaji da takardar.

"Malama, surutun talaka ya taɓa sauke farashi? Ni manajan kamfanin nan waya ɗaya zan buga masa."

Ranar da hukuma ta zo sauraron jama'a, zaure ya cika maƙil. Malama ta baje takardu: awa uku a rana, amma ana cajin unguwa kuɗin masu awa ashirin. Jami'in hukuma ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce za a mai da su ƙaramin farashi.

Tafi raf-raf-raf. Abin ya tsaya wa Alhaji a wuya, a ce ana tafa wa wani yana zaune. Ya miƙe zumbur.

"Ranka ya daɗe, ban da gidana. Ni wuta awa ashirin da huɗu. Har gajiya muke da ita."

"Madalla," in ji jami'in. "Sakatare, bar Alhaji a babban farashi."

Ninki uku ke nan, shi kaɗai a unguwa! Abin tausayi. Ya lallaɓa wajen Malama, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama, da sauran wuri a takardar nan?"

"Akwai, Alhaji. Amma shaida a bainar jama'a ake ba da ita." Ta miƙa masa lasifika. "Awa nawa kuke samu?"

"Wato... ya danganta."

"Nawa?"

"Biyar," ya ce, kamar mai ciwon haƙori.

Sai matarsa, Hajiya Lantana, ta ɗaga hannu daga ɓangaren mata.

"Biyu ce, Malama. Firjin ma takalmansa yake ajiyewa a ciki."