Farin Gidan Fo Messanvi

Duk unguwar Nyekonakpoe ta birnin Lome babu mai tsabtar Fo Messanvi. Tsohon ma'aikacin kwastan ne, kuma shugaban kwamitin tsabtar layinsu, kwamitin da shi ya kafa, shi ya zaɓi kansa, shi kaɗai ke zuwa taro. In ya fito coci ranar Lahadi cikin farar riga, 'yan acaɓa sai sun kanne ido. Ana kiransa Fo Fari-Tas, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Sirrinsa garin wanki ne, irin mai sa fari ya yi ƙyalli. Inda kwali ya ce cokali, shi kofi yake zubawa. Labule, rigar kujera, zanin gado, duk a ciki ake jiƙawa, kuma ya hana matarsa, wadda ake kira Da Ablavi, ɗauraya sosai, wai kada ƙyallin ya bi ruwa. A falo ake shanya, taga a rufe, don kada iskar maƙwabta ta taɓa masa kaya.

Da wata malamar jami'a, Dakta Essenam, ta shigo unguwar tana ɗibar ƙurar ɗakuna don bincike, shi ya tare ta a hanya.

"'Yata, me za ki koya a gidajen ƙazamai? Zo ki ga yadda ake zaman duniya."

Ta kankari ƙura a kan fanka da ƙarƙashin kujeru. Ya ce ai ta maƙwabta ce ta shigo.

Ranar da za ta kawo sakamako ya tara mutanen layi, aka tuƙa akume, wato tuwon masara, da miyar kuɓewa, ya yi jawabi a kan tarbiyya har miyar ta huce. Sannan Dakta ta sa aka saki labule, ta kunna wata fitila mai hasken shunayya. Falon ya kama walƙiya shuɗi-shuɗi: kujeru, daɓe, rigar mai gida, har tafin hannun jikarsa Sika da ke rarrafe, da gefen bakinta.

Fo Messanvi ya buɗe hannuwa. "Jama'a, kun gani da idonku. Ilimi da kansa ya zo gidana ya shaida."

Dakta ta yi gyaran murya ta ce wannan ba tsabta ba ce. Sinadari ne da ake sa wa garin wanki don ya ruɗi ido. Ba ya fitar da dauɗa, maƙalewa yake a tufa, ya kakkaɓe ya zama ƙurar da ake shaƙa, yara su lasa. Ba a gama sanin illarsa ba tukuna, shi ya sa suke aunawa, amma a gidajen da ta shiga babu wanda ya kama ƙafar wannan a yawan sinadarin.

Uwargida Da Ablavi ta miƙe tsaye. Ta sunkuci Sika ta wanke mata baki da hannu, ta dawo ta wangale tagogi a gaban baƙi.

Tela Kokuvi, ɗaya daga cikin baƙin, ya suɗe yatsa ya ce, "Shugaba, ashe kai ko an ɗauke wuta ba ruwanka."

Yanzu da sabulun sanda ake wanki, a ɗauraye, a shanya a tsakar gida, rigar Fo ta koma irin ta kowa. Amma duk wanda ya tambaye shi labarin, sai ya gyara tsayuwa ya ce jami'a ta auna gidajen unguwa kaf, nasa ne ya zo na ɗaya. Babu wanda ya taɓa ƙaryata shi.