Sifilin Kawu Sanda

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya kare aikina na master a Maraɗi, kawuna manomi ya rushe mini wahalar wata takwas da magana ɗaya.

Karatun namu gamin gambiza ne, rabi ilimin halittu, rabi lissafi da ordinatar, wato kwamfuta. Ni kuwa tun farko a ruɗe nake. In na shiga ajin halittu a ce ga sarkin lissafi, in na koma ajin lissafi a ce mai tsutsa ya iso. (Mahaifiyata a Tibiri da ta gaji da tambaya sai ta yanke cewa likitan ƙwari nake karantawa.)

Aikina shi ne in gano yadda tsutsar zogale ke ƙaruwa da raguwa a lambunan Jiratawa. A wannan shekarar, siyasa ta rikice, yau zanga-zanga, gobe yajin aiki, jibi babu kabu-kabu a hanya. Lalacina ya sami mafaka. Na kai wa Kawu Sanda, ƙanen mahaifiyata, littafi da biro, na ce kullum da safe ya ƙirga tsutsar da ke kan itace goma a lambunsa ya rubuta.

"Shi ke nan, ɗana? Ba ka son wani bayani?" ya tambaye ni.

Na ce lamba kawai nake so, sauran aikin na ordinatar ne.

Da na zuba lambobin, sai kaina ya ɗaure. Tsutsa ta yi ta hawa, bayan mako biyu ta faɗo sifili, ta sake hawa, ta sake faɗowa, kamar an saita mata agogo. Na kwance littattafai ban ga irin wannan ba. Daga ƙarshe na yanke cewa akwai wani ƙwaro da ba a san shi ba, yana jira tsutsa ta yi yawa ya cinye ta. Na saka shi cikin lissafi, lissafi ya zauna daram. Har na fara tunanin sunan da za a sa masa, da nawa a ciki. Malamina ya tambaye ni sau biyu ko ina zuwa lambun, na ce sosai. (Sau ɗaya na je, ranar kai biro.)

Ranar kariya malamai uku suka zauna, a hannunsu takardar shaidata take. Mahaifiyata da Kawu suna baya cikin sababbin kaya. Na haska zanena mai hawa da sauka, ina ta zuba Faransanci. Wata malama ta ce, "Shi ƙwaron nan, ka taɓa ganinsa?" Na ce lissafi ya gan shi.

Ashe wani abokina yana fassara wa Kawu. Sai na ga ya ɗaga hannu, shugaban zama kuma ya ba shi dama saboda furfurarsa.

"Ku gahurta mini, malammai. Wanga sifili ni na rubuta shi. Duk ranar da kunka gan shi, jiya tai munka tsige ganyen, mata sunka kai kasuwa. Icce ba ganye, mi tsutsa za ta zamna ci? Buhun ganyen ta bi."

Malamar ta rufe fuska da takardata, kafaɗunta na rawa. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka ɗage kariyata da wata shida, da sharaɗin in yi su cikin lambu.

A waje Kawu ya dafa ni. "Ai na tambaye ka ko kana son bayani."

Mahaifiyata ba ta fahimci abin da ya faru ba, ta buɗe kwanon kwaɗon zogale da ta kawo na murna, daga lambun Kawu. Na ci a hankali, don yanzu na san maƙiyan tsutsar da na yi wata takwas ina nema: masu cin zogale ne, kuma ina cikinsu. Tun daga ranar, duk wanda ya miƙo mini lamba ya ce ko ina son bayani, kujera nake jawowa in zauna.