Kwalbar da Ta Ƙi Ƙarewa

"...da gajiya, amaryata? Har yanzu ba a kai ki gidan tarihi ba?"

"Kai ake jira a fara ajiyewa, mijin banza mai zuwa hannu rabbana."

Mansur ya jingine motonsa mai ƙafa biyu a zaure. Kakarsa Zuwera na kan tabarma tana tsinkar zogale. 'Yarsa Fati tana wurinta tun da ciwon ƙirji ya kama yarinyar, don shi da matarsa a unguwar Plateau suke wuni wurin aiki. Ya ce ranar da siro, ruwan maganin tarinta, ya ƙare zai zo ya ɗauke ta. Daga ɗaki wani ɗan tari mai kauri ya fito.

Ya buɗe firigo, ya ɗauko kwalbar siron da sanyinta, ya ɗaga ta a haske.

"Kaka, wannan kwalba ce ko rijiya? Ya kamata a ce ana ganin gindinta."

"Albarkar hannuna ce. Kai ko buhun gishiri ka taɓa sai ya ƙare."

"Ina cokalin da farmasi suka haɗo da ita?"

"Wancan ludayin? Akuya za a ɗura wa? Ɗan kaɗan nake lasa mata. Ai ta warke, jiya har kaji ta kora."

"Lokotoro ya ce cokali cike, har ƙarshe, ko ta daina tari. In aka rage, ciwon lafewa yake yi, ya taso da ƙarfin da maganin ba zai iya masa ba."

"Lokotoron da na girmi uwarsa?"

"Kin girmi kogin Isa ma, ba wanda ya ba ki farar riga."

Ya dubi ƙofar ɗakinta. Ƙananan takalma a jere da nata. Tun rasuwar kakansa bai ga takalmi na biyu a wurin ba.

"Tsohuwa, ba siro kike tattali ba. Fati kike tattali."

Ba ta ɗago ba. "In yi me da ita? Ta cinye mini ƙuli-ƙuli, ta ɓoye mini carbi."

"Yanzu zan kai ta wurin lokotoro, in tona miki asiri. Abin da ya ce a ba ta, ki ba ta cike. In ta warke, na bar miki ita har a koma karatu a lakwal. Sadakinki ke nan."

Zuwera ta tuntsire da dariya har zogale ya zube. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro farin cokalin roba, ta jefa masa.

"Karɓi ludayinka, ɗan nema. Ka dawo mini da ita kafin tuwo ya huce."