Injin Ƙyanƙyasar Mama Semeni da Ƙusoshinsa Sittin

Jama'a, ranar Talata na wuni a bayan babur, rungume da ƙwaƙwalwar injin ƙyanƙyasa a cikin leda. Ba nawa ba ne, na maƙwabciyata ne, Mama Semeni, wadda kiwon kaji ke ci da ita da jikokinta. Ƙwai ɗari da ashirin ke ciki, saura kwana biyu su fashe, injin ya ɗauke wuta cikin sanyin garinmu Iringa na watan Yuli.

Ni na jawo mata. Ranar da Masu Girma suka zo ƙaddamar da injin, ina sahun gaba, na tafa har tafina ya yi zafi. Babban Mai Girma, uban talakawa, gatan kaji, ya rantse cewa injin nan ba shi da sirri. Zanensa a fili yake, kowa ya gani, ya gyara, ya ƙera nasa in ya ga dama. Na dawo na dame ta har ta sayar da kajinta masu kwanci ta saya.

Da injin ya mutu muka kira Fundi Kihwele mai gyaran rediyo, mutumin da bai taɓa mayar da aiki ba. Ya buɗe, ya leƙa, ya kwashe da dariya.

"Dattijo, zo ka ga rashin sirrinka."

An kankare lambobin da ke jikin ƙwaƙwalwar, an kuma zuba mata wani baƙin danƙo kamar kwalta.

"Ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba," in ji Fundi. "Ka karɓo min zanen, kafin a tuƙa tuwon ugali na tashe shi."

Ni da mai babur muka bar Mama Semeni tana jera wa ƙwai kwalaben ruwan zafi. Awa uku muka yi a layin mai, biyu a bencin ofishin Masu Girma. Daga ƙarshe aka shigar da ni gaban Ƙaramin Mai Girma, yana shan shayi da mandazi, irin fanken garinmu. Gaskiya mutumin kirki ne. Ya shimfiɗa min takarda mai faɗin tabarma. Ga katako da awonsa, ga gilashi, ga fanka, ga ƙusoshi, kowace da lambarta. A tsakiya sai wani baƙin akwati da ba a rubuta masa komai ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa? Shi ne ya lalace."

"Wannan na kamfani ne."

"Amma an ce ba sirri."

Ya dube ni da tausayi. "Baba, ka yi makaranta? Kayan haɗin injin nan ɗari ne cif. Ƙusoshi kaɗai sittin. Casa'in da tara ga su a gabanka, ka tsaya kana ƙorafi a kan ɗaya? Ku dai ba a iya muku."

Ya ƙara da cewa masana ma sun rabu biyu kan ko irin wannan ya cancanci a kira shi buɗaɗɗe, kuma za su zauna a wani otal a bakin teku cikin watan Satumba su tantance. Na ce masa ƙwan nan fa Alhamis suke jira. Ya ce in rubuto.

Ranar Alhamis ba abin da ya motsa. Ranar Asabar Mama Semeni ta fasa ɗaya a gabana. Ɗan tsako ne cikakke, da bakinsa da gashinsa, ya sandare. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Maƙwabci, ara min fartanya in binne su." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Jiya Ƙaramin Mai Girma ya bugo min waya da kansa, Allah Ya ƙara masa girma. Rahoton shekara suke haɗawa. Ya tambayi kwana nawa injin ya yi yana aiki. Na ce goma sha tara cikin ashirin da ɗaya. Na ji shi yana latsa kalkuleta.

"Kashi casa'in! Ka taya mana Mama murna."

Ya ce za su zo ɗaukar hotonta ranar Litinin. In da hali, ta aro 'yan tsaki.